Shekarar Damin Mota

Ranar Alhamis da ta wuce, wajen ƙarfe goma na safe, mu uku ne a bakin gandun dajin gwamnati da ke gabas da ƙauyenmu, a ƙasar Kebbe: ni, da Nasiru ɗan yayana wanda ya ɗauko ni a babur tun daga Tambuwal, da wani ɗan sintiri da ke zaune a kan kututture da sanda a cinyarsa. An gicciye gungume a bakin hanyar. Nasiru bai jira a ce masa komai ba, ya kashe babur ya jingine shi cikin 'yan uwansa a ƙarƙashin kalgo. Tun farkon damina aka hana babur shiga daji saboda halin tsaro. Mai ƙafa ya wuce, mai jaki ya wuce, amma duk abin da ke shan mai nan zai tsaya.

"Baffa, daga nan sai ƙafa," in ji Nasiru. "Ga gero ya kusa nuna. Ban san da mi za mu ɗauko shi ba bana."

Muka tsallake gungumen muka shiga. Ba mu yi nisa ba hayaniyar gari ta mutu a bayanmu. Ruwan da aka yi da asuba ya kwanta a cikin tsohon sawun taya, sararin sama yana ciki fari fat, kamar an yanko shi an ajiye a ƙasa. Ciyawa ta fara cin tsakiyar hanya. Iska na ɗauke da warin tafasa da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, kurciya ɗaya tana kuka can ciki ba mai amsa mata. Na taɓa jin irin wannan shirun a kan wannan hanyar, shekara talatin da wani abu da suka wuce, a shekarar da mutanen garinmu ke kira shekarar damin mota.

Hanyar ba gwamnati ce ta yi ta ba. Da can turba ce ta ƙafa da ta shanu. Motocin itace ne suka fasa ta, suna shiga da rani su lodo itace da gawayi su nufi birni. Nauyinsu ya danne ƙasar, har wani wuri mai jan tsakuwa a cikin dajin ya daddale ya yi sumul kamar daɓen ɗaki. A lokacin gonakin bakin gari sun gaji. A ɗaya gefen dajin kuwa akwai sabuwar ƙasa da muke kira Tsallake, wadda nisa ya hana mutane nomawa, don in ka fita bayan asuba sai hantsi ya ɗaga za ka isa. Da hanya ta samu, sai wani mutumin Tambuwal, Mamman Direba, ya fara zuwa da akori-kurarsa duk kaka yana kwaso wa mutane amfanin gona. Cikin 'yan shekaru rabin garin ya koma noma a Tsallake. Jakuna aka riƙa kora su kasuwa ɗaya bayan ɗaya, domin ba mai ciyar da jaki shekara guda saboda aikin da mota ke gamawa a yini.

Daga nan dami ya sake kama. Damin iyayenmu shi ne abin da namiji zai ɗaga ya aza a ka, ko a rataya wa jaki biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Amma Mamman ba nauyi yake dubawa ba, kan dami yake karɓar ladan dako. Saboda haka kowace shekara sai dami ya ƙara ƙiba, har aka kai inda sai mutum uku sun kama kafin ya rabu da ƙasa. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Abin ma ya zama gasa.

A garin duka ba wanda ya kai yayana Bello iya wannan ɗaurin. Mahaifinmu ya rasu, shi ke riƙe da gandu, ni da matata Dije muna ƙarƙashinsa, ga iyalinsa, ga mahaifiyarmu Inna. In zai ɗaure dami sai ya tufka kaba ruɓi biyu, ya jera zangarniya kai da gindi, ya dafa gwiwa ya ja har kabar ta yi ƙara. In ya gama, ko yatsa ba ka iya turawa ƙarƙashin igiyar. Mutane kan baro gonakinsu su zo kallo. Inna ce kaɗai ba ta yabawa.

"Wanga ba dami ba ne, ɗaki ne," takan ce. "Da can na san kwanan da dami shika yi a gida. Yanzu in anka kwance guda sai in rasa inda nike cikin shekara."

Daminar shekarar ta zo a makare. Ruwan farko ya sauka muka yi shuka, sai sama ta ɗauke, tsiron ya fito ya ƙone a tsaye. Muka sake shuka da irin da ya rage, har da ɗan abin da aka ware don ci. Kafin a gama noman fari rumbu ya fara amsa kuwwa. Na tuna ranar da Dije ta shiga cikinsa da tsintsiya da ƙwarya, muna tsakar gida muna jin ƙarar sharar tana fitowa ta bakinsa. Ba wanda ya dubi wani.

Tun daga nan yini ya koma tsari ɗaya. Bayan sallar asuba Inna ta miƙo mana farau-farau a ƙoƙo, ruwa ne da aka gilma wa gari, mu sha mu saɓa kalmen noma mu kama hanyar Tsallake. Raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. Da rana ta take, Dije ta iso da kwaɗon tafasa, ran da aka samu ƙuli-ƙuli a barbaɗa, ran da babu a ci da gishiri. Tuwo sau ɗaya ne, da yamma, yara su fara. Yunwar damina ba ta da hayaniya. Sauƙi take sa wa kai. In ka daɗe a sunkuye ka ɗago, sai ka ga gonar tana lilo a hankali, kore a kan kore, gajimare na tafiya ƙasa-ƙasa kamar za ka miƙa hannu ka taɓa. Sau da yawa nakan tsinci kaina a ƙarshen kunya ban san lokacin da na nome ta ba.

Cikin wannan halin ne aka yi shela a kasuwar Kebbe cewa daga kakar bana mota ba za ta sake shiga gandun daji ba. An ce manyan itatuwa sun ƙare, kuma sawun motoci ya fara zama kwazazzabo yana cin ƙasa. Duk mun ji. Yaya Bello ya dawo da labarin yana dariya.

"Shelar gwamnati hadarin kaka ce," in ji shi. "Iska ta hi ruwa yawa."

Haka kowa ya ɗauke ta. Mun sha jin an hana abu, washegari mu ga mai hanin yana yi.

Allah ya rufa asiri, shuka ta biyu ta yi kyau, irin kyan da ba mu taɓa gani ba a Tsallake. Zangarniya ta kai kamu biyu, ta cika har baki. Ranar da muka fara gasa tumu a gona, Dije ta murje shi a tafin hannu ta hure, muka ci da zafinsa, yaran Yaya Bello bakinsu duk baƙin toka. Muka kayar da kara, muka bar shi ya sha rana, muka bi da wuƙa muna yanke kai muna tarawa. Sannan Yaya Bello ya zauna ɗauri. A shekarar ya wuce kansa. Muka shimfiɗa itace a ƙasa saboda gara, muka mirgina dammunan a kai muka jera, suka tsaya a tsakiyar gona kamar wata 'yar unguwa. Abincin gidanmu na shekara ke nan gaba ɗaya, a wancan gefen daji, rumbu kuma a wannan gefen ba ko ƙwaya.

Ranar da Mamman ya yi alkawarin zuwa, muka zauna a gona tun hantsi muna saurare. Can muka jiyo gurnanin motar daga nesa, kowa ya miƙe yana kakkaɓe riga. Sai gurnanin ya tsaya. Muka jira har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, bai sake tashi ba. Daga ƙarshe muka kama hanya, mu da sauran masu gona, muka ratsa dajin har bakinsa na wajen gari.

A nan muka iske motar a tsaye. An kafa ƙarafa biyu cikin siminti, an haƙa rami ya gicciye hanya daga wannan kurmi zuwa wancan. Mamman na jingine da ƙofar mota yana cin goro. Kusa da shi ga malamin daji, Malam Garba, cikin kakinsa, dogon mutum mai sanyin murya wanda muka san shi shekaru yana yawo a dajin.

"Malam Garba, mi anka yi?" in ji Yaya Bello.

"Abin da anka hwaɗi kasuwar Kebbe shi anka yi, Bello. Kana wurin, na gane ka kana cinikin gishiri."

"Yo ai gwamnati ta saba hwaɗin magana ta mance."

"Wagga ba ta mance ba."

Mamman ya tofar da goro ya matso. "Malam, yini guda ɗai. In shiga da hantsi in hito la'asar. Ko reshe ban taɓawa. Ni gero nika ɗauka, ba gawayi ba."

"Mai gawayi ma haka shika cewa, Mamman. In na buɗe maka yau, gobe da wane baki nika hana shi?"

Wani daga baya ya ce, "To amalanken shanu fa?"

"Bisa mi shika tahiya?"

"Taya."

"To ka ba kanka amsa. Duk mai taya anka ce."

"Kekenka fa, Malam? Ko shi ƙafa gare shi?"

"Shi ya sa kag gan shi jingine waje," in ji Malam Garba, ya nuna shi da haɓa. Keken kuwa na can bayan ramin, a jikin wata sabara. Mutane suka yi dariya, don ba abin da ya rage sai ita.

Mamman ya juyo ga yayana. "Bello, yau ranarka ta. Shekara nawa kana ɗaura min ɗaki kana kiran shi dami? Motag ga in ta hango gonarka tari taka yi. To ga shi nan, aza abinka bisa kai."

"Allah ya isa tsakanina da bakinka, Mamman," in ji Yaya Bello, shi ma yana dariya. Amma na ga ya ɗaga kai ya dubi gabas. Sama a wanke take a ranar, sai wani ɗan farin gajimare can ƙasa. Damina ba ta yi sallama ba tukuna, kowa ya san haka.

Abu na farko shi ne a sami abin da za a ci. Washegari mu huɗu, ni da Yaya Bello da maƙwabta biyu, muka sari sanduna biyu muka ɗora dami guda a kai, muka saɓa a kafaɗa, biyu gaba biyu baya. Muka lulluɓe shi da tsohon bargo kada ƙwaya ta zube. Tafiyar ta cinye mana rabin yini. Da muka shigo gari, matan da ke bakin rijiya suka hango mu, suka saki guga suka ɗauki salati. Kafin mu kai ƙofar gida an fara tambayar wa ya rasu a gona. Inna ta fito ba mayafi, ta yaye bargon, ta daɗe tana duban geron.

"Kada a sake shigo min da abinci bisa makara," ta ce. "Ku sauke shi ku tai ku sha ruwa."

Wanda aka aika garin Dogon Daji neman hayar jakuna ya dawo da biyu, tsofaffi. Aka gwada aza wa ɗaya damin mota, ya yi shiru, sannan ya durƙusa ya kwanta da abinsa. Nan aka tabbatar ba makawa sai an kwance kowane dami an sake ɗaure shi daidai kai.

Bayan sallar la'asar dattawa suka zauna a ƙofar masallaci. Aka yanke cewa ba gidan da zai iya shi kaɗai, gayya za a yi, gari duka ya taru a kan gona ɗaya, in an gama a matsa gaba. Liman ya ce a fara da gonakin kwari inda ruwa ke kwanciya, a ƙare da na tudu. Maganar gaskiya ce, ba wanda ya ja. Gonarmu ita ce a ƙoƙuwar tudu, wato mu ne na ƙarshe.

A hanyar gida na ce wa Yaya Bello ko mu fara kwance namu tun yanzu, mu ɗaure ƙanana mu rufe da kara. Ya girgiza kai. Duk taɓawar da aka yi wa busasshen gero ƙwaya ce ke zuba, ya ce, gara a taɓa shi sau ɗaya ranar ɗauka.

"Kuma damin da na ɗaure ruwa bai ratsa shi. Ko cikin gulbi ka jehwa shi."

Na yarda da shi. Na ga ɗaurin da idona.

Yau a Tsallake inji ne ke sussuka a gona, a ɗura a buhu, a ɗaure wa babur uku-uku. Nasiru mutum ne mai 'ya'ya, amma da na tambaye shi ya ce bai taɓa naɗa gammo ba. Mu ma a lokacin mun fara mancewa. Tsofaffin mata ne suka fito da tsummokaran zane suna koya wa samari yadda ake naɗawa. Kaba ta yi ƙaranci, aka koma yayyaga tsofaffin tufafi ana ɗauri da su, har za ka ga dami da ɗamarar atamfa.

Kwanakin dakon nan sun haɗe mini wuri ɗaya, ba na iya raba wannan da wancan. Abin da na riƙe shi ne layin. Maza da mata a jere cikin daji, kowa da dami a ka, fuska ba ta ganuwa, sai ka ce geron ne ya yi ƙafa yake tafiya gida da kansa. Ba a yawan magana, don magana na girgiza wuya. Sai ƙarar sawu, da ƙaiƙayin da ke zubo maka a ƙeya yana haɗuwa da zufa. Tun da mota ta daina bi, dajin ya matso. Zabin daji suka riƙa tsallake hanya a gabanmu ba gaggawa. Malam-buɗe-littafi ya taru a bakin kowane kududdufi, in layi ya iso su tashi gaba ɗaya su sake sauka a bayanmu. Wani lokaci nakan ji kamar ba tafiya nake ba, hanyar ce ke zamewa ta ƙarƙashina. Kullum da safe in za mu gangara kwari sai mun wuce ta gefen gonarmu. Dammunan na nan a tsaye da raɓa a kansu. Yaya Bello ba ya juyawa ya dube su. Gabas yake duba.

Saura gona biyu a zo kanmu hadari ya taso. Muna tsakiyar daji da geron wani maƙwabci a kai, bayan azahar, sai zafin ya tsaya cik, ganye ya daina motsi. Gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Iska ta fara zuwa da sanyi da ƙanshin ruwan da ya riga ya sauka a wani wuri. Ba inda za a gudu da kaya a kai, kuma geron amana ne, sai muka ƙara sauri muka nufi gari. Ruwan ya cim mana kafin mu fita dajin. Ya zuba har magariba, ya koma yayyafi, ya kwana yana yi, ya wuni washegari. Ba a fita dako ba. Yaya Bello ya zauna a zaure yana gyaran wata igiya da ba ta lalace ba.

Da sama ta buɗe sai rana ta fito da ƙarfi, irin ranar bayan ruwa mai sa ƙasa tururi. Aka koma kan gonaki biyun da suka rage. Sai a rana ta uku muka samu kaiwa ga namu, ni da shi da Dije. Daga nesa ba abin da ya same su. Bayansu ya bushe, launinsu na nan. Yaya Bello ya buga ɗaya da tafin hannu ya yi murmushi.

"Ban hwaɗa maka ba?"

Sannan ya zagaya ta bakin damin, ya murza hannu ya tura cikin tsakiya har gwiwar hannu. Ya tsaya a haka. Na ga murmushin yana nan a fuskarsa amma shi ya bar wurin. Da ya zaro hannun, tsakanin yatsunsa akwai fararen zarurruka sirara. Na tura nawa. Ciki da ɗumi, kamar ka sa hannu ƙarƙashin kaza mai kwanci, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi da tsami. Ruwa bai ratsa ta jiki ba, gaskiyarsa. Ta baki ya shiga, ɗaurin kuma ya hana shi fita. Geron ya fara tsira a cikin damin.

Ya zaro wuƙa ya bi dammunan ɗaya bayan ɗaya yana yanke kabar da ya tufka. Kowanne ya buɗe sai tururi ya tashi.

Sai an shanya shi a ranar, in ba haka ba ya tafi duka. Amma ina? Gonar rairayi ce jiƙaƙƙiya, gara ta fito ko'ina bayan ruwan. Tabarmin garin duka ba za su ɗauki rubu'insa ba. Muna tsaye muna dube-dube, Dije ta ce a hankali, kamar mai magana da kanta:

"Jan wurin nan na kan hanya fa? Ya bushe tun jiya. Kuma ba mai bi nai."

Wurin da motocin itace suka daddale take nufi, kuma bai da nisa da bakin Tsallake. Yaya Bello ya dube ta, ya dube ni, ya ce in nemo Malam Garba. Na same shi a gindin wata tsamiya a bakin hanyar yana cire ƙaya daga takalmi. Ya biyo ni ya ga geron, ya ɗauki zangarniya ɗaya ya shinshina. Ya daɗe yana duban hanyar.

"Ni taya anka ce in hana," ya ce. "Ba a ce min komi ba bisa shanya."

Dije ta karyo reshen sabara ta fara shara. Labari ya kai ga masu gayya, suka ajiye abin da suke yi suka zo, aka riƙa kwasowa da hannu da zane da kwando. Kafin rana ta take mun shimfiɗa geron gidanmu a kan hanyar mota, daga tsamiyar har inda hanya ta karkata ta ɓace cikin kurmi.

Ban taɓa ganin abu kamar wannan ba, ban kuma sake gani ba. Jar ƙasa ta ɓace, sai zangarniya kwance gefe da gefe, ruwan ƙasa da ruwan zuma, kore shar na daji ya tsare ta dama da hagu. Tururi na tashi a kanta yana sa nesa rawa. Masu wucewa da kaya suka riƙa saukowa cikin ciyawa suna bin gefe, wasu har da cire takalmi, ko da yake ba wanda ya ce su cire. Tsuntsaye suka ji labari. Mata suka zauna nesa da juna a bakin hanya, kowace da gwangwani da tsakuwa a ciki, wannan ta kaɗa, can wata ta amsa, can kuma wata, har ƙarar ta yi nisa ta dawo. Da azahar na kwanta a gindin tsamiya, cikina ba komai sai ruwa, na dubi hanyar ta ƙasan ido. Sai na ga kamar gulbi ne na gero yana malala a hankali zuwa gari, zai shiga ta ƙofar gidanmu ya hau rumbu da kansa. Ban san ko barci na yi ba. Muryar Dije ce ta ce in tashi a juya.

Kwana biyu muna juyawa muna tsincewa. Na gefen dami lafiyarsa lau. Na kusa da tsakiya ya yi gemu fari, wannan muka ware. Na can cikin zuciya ya yi baƙi ya dunƙule, ko akuya sai ta shinshina ta wuce. Yaya Bello ne ya kwashe shi da kansa ya kai bayan kurmi, bai bar kowa ya taya shi ba.

A rana ta biyu Inna ta iso, da sanda, ita da ta yi shekaru ba ta taka Tsallake ba. Ta iske ɗanta a durƙushe yana ɗaurin ƙaramin dami. Hannunsa bai san inda ake tsayawa ba. Sai ya tara daidai, ya miƙa hannu ya ƙaro, ya sake ƙarowa. Ta zauna kusa da shi a kan tsakuwa. Duk ya ƙara runguma ɗaya sai ta janye ta ta ajiye gefe.

"Inna, wanga ai ɗan yaye ne."

"Ɗaure shi hakanan. Wuyan mutane za shi hawa."

Ya ɗaure. Gayya ta ɗauka, layi ya miƙe, kafin la'asar ta rana ta uku dami na ƙarshe ya shiga rumbu. Ba a sake yin ruwa ba a shekarar.

Abin da ya tsira Inna ta daka shi daban, muka sha kununsa wata guda, yana da wani zaƙi da bai kwanta wa kowa ba sai yara. Abin da ya shiga rumbu ya ɗan haura rabin abin da muka girba. Ya kai mu har farkon bazara. Da ya ƙare, Yaya Bello, wanda bai taɓa kwana a wajen ƙasar Kebbe ba, ya bi motar Mamman zuwa Tambuwal, daga can ya wuce kudu cin rani. Bai dawo ba sai da ruwan shuka ya sauka.